Mijin Loretta

"'Yarka ce, amma a doka ba kai ne ubanta ba," in ji magatakardar kotu, ta turo wa Wendell takardunsa.

Wendell tuzuru ne. Ya yi hayar Loretta, tsohuwar 'yar ajinsu, ta ɗaukar masa ciki. Likitoci suka dasa mata ƙwayar haihuwarsa, ta haifi mace. Sai ga doka: in mai haihuwa tana da aure, mijinta ne uba. Sai mijin ya sa hannu ya sallama, sannan Wendell ya nemi riƙon 'yar cikinsa.

Wendell ya juya ga Loretta. "Dama kina da miji?"

"Ka tuna zuwan 'yan ajinmu birnin Las Vegas da muka gama jami'a? A buge aka ɗaura auren, ta tagar mota, kamar sayen soyayyen dankali. Ko fuskarsa ban riƙe ba. Na ɗauka irin wannan ba aure ba ne."

"Ni ba abin da na tuna a tafiyar nan. Wane sakarai ne zai auri mace ya ɓace shekara goma sha tara? In na kama shi sai na zubar masa da haƙora!"

Bayan wata uku takardar auren ta iso daga Nevada, jihar da Las Vegas take. Magatakarda ta karanta, ta dubi Wendell, ta sake karantawa.

"Yallaɓai, an sami mijin." Ta miƙo masa biro. "Sa hannu nan cewa ka sallama yarinyar, sannan nan cewa ka karɓe ta."

Loretta tana jijjiga jaririya ta ce, "Haƙoran fa, kai za ka zubar ko in taya ka?"