Wuyan da Aka Ɗauka a Hoto

Matar direba ta ɓoye gishiri da man gyaɗa tun ranar da takardar asibiti ta shigo gidan. Likita ya ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta ɓangaren hagu na wuyan mijinta ta kusa toshewa, saura 'yar ƙofa kamar ta allura. In ba a yi aiki ba, wata rana mutum zai faɗi, rabin jiki ya tafi.

Kamfanin da yake ja wa mota ne ya tura tsofaffin direbobi hoton jijiyoyin wuya. Direba ya tafi da maƙwabcinsu tela, mutum mai kunyar tsiya, wanda ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri.

Ita kuka, shi kuwa mai ciwon ko a jikinsa. Ta tambaye shi yadda na'urar take, ya ce, "Ƙatuwa ce, sai ƙara." Tela da ke bakin ƙofa ya ce a hankali, "'Yar ƙarama ce, sai dai man da ake shafawa akwai sanyi." Ba ta kula ba, wa ke sauraron tela?

Sai abin ya fara ba ta haushi. Ta dafa miya ba gishiri, ya ɗauki kwanon ya kai wa tela. Ta ba shi ƙwayar safe, ta ga ya dunƙule ta a hannu ya nufi shagon ɗinki. Rannan har ta leƙa ta taga, ta gan shi ya matse tela a jikin keken ɗinki yana ɗura masa ruwa, tela yana cewa, "Ai sunanka ne a takardar, ni me ya shafe ni?"

Ta ce a ranta ciwon ya fara taɓa kan. Ta ƙara kuka, ta wanke masa kaya, ta ɗauko bargon asibiti.

Ranar da za a kwantar da shi, ya ce ba inda za shi sai da tela. Tela ya ce yana da ɗinkin mutane. Direba ya cire bel ɗin da ke juya keken ɗinkin ya sa a aljihu, ya riƙo masa hannun riga tun daga ƙofar gida har ɗakin likita.

"Maigida, kai fa za a yanka, ka sakar wa bawan Allah riga," in ji ta.

Likita ya manna hoton a jikin fitila, ya nuna farin zare da ya tsuke a tsakiya. Ya ce mai wannan wuyan ya hau gado a sake dubawa. Direba ya cire hula, ya ɗaga tela cak kamar buhun auduga, ya shimfiɗe shi a gadon, ya gyara masa matashi.

Direba ya ce, "Likita, mako uku yana roƙona in rufa masa asiri, wuƙa yake tsoro, ni kuma ba zan bari ya mutu da sunana ba. Ran hoton nan shayi na fita sha na bar shi ya tsare mini layi, da aka kira ni ya ji kunyar layin ya wuce, ya shiga ya kwanta."