Mai Daddawa Ta Fita Neman Manya

Ana tambaya wace rana mutum ke zama babba? To, ga misalin wata mai daddawa, wadda tun tana budurwa ba ta da aiki sai kwaikwayon tsofaffin unguwa. Ta iya tarin tsohuwar gidan rini, ta iya yadda take jan "Tooo" kafin ta yanke magana, har da lalubar goro a haɓar zane. Mata su yi ta dariya suna riƙe ciki. Shekaru suka yi ta wucewa, ita kuwa a ranta har yau ita ce yarinyar nan mai tsokana.

Ran nan sai ga maƙwabtanta biyu, kowace da kumfar baki, a kan zogalen da ya tsiro a gindin danga: saiwa a gidan wannan, rassa a gidan waccan. Har an ɗauko gatari, an rantse za a toshe 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajen. Ta ce su dakata ta kira manya, ta yafa gyale ta fita. A gidan rini jikoki suka ce ai Inna bara ta rasu, ke ma kin zo gaisuwa. Tsohuwar gidan mai unguwa ta koma birni wajen ɗanta. Tsohuwar bakin rijiya tana nan, amma ta ƙura mata ido ta ce, "Ke 'yar wace ce?" A hanya 'yan mata suka durƙusa suna gaisuwa, ta waiwaya ta ga wa ke bayanta. Akuya ce.

Ta dawo ta tarar an shimfiɗa tabarma, an ajiye goro. Ta tsaya jiran mai wurin, su kuma suna jiranta. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta zauna, gwiwa ta yi ƙara, ta yi abin da ta iya: ta yi tarin nan, ta ari muryar marigayiya. "Tooo. Mai saiwa ta ba shi ruwa, mai rassa ta tsinka ta kwaɗa, a raba kwano biyu. Ƙofa kuwa, ta nan kwanon zai riƙa bi." Ta saurari dariya. Shiru. Sai "Allah ya ƙara girma, Inna," aka mayar da gatari.

Har yau ba ta san ko wasa ta yi ko gaske ba, tarin ma ya ƙi barinta. Washegari wasu suka yi sallama da rigimar agwagwa. Dama an ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa can zai zuba.