Lahadin Ya'u

Kwana tara suka rage wa Ya'u mai tsire, yana lissafa su da yatsu yana hawan benen gidan Lurwanu a unguwar Mansur ta Makka. Kowane hawa sai ya tsaya ya dafe ƙirji.

Shekara shida ke nan da aka tsaga ƙirjin nan, aka ciro jijiya daga ƙafarsa aka yi wa zuciya sabuwar hanya. Hanyar ta tsuke, aka zura mata ɗan bututun raga. Yanzu kuma nama ya tsiro ya cike bututun, kai ka ce da gayya. Likita ya ce ba a sake tsaga ƙirjin. Abin da ya rage a shigar da waya ta cinya, a gasa wurin da wani haske na 'yan mintuna. A Jidda ake yi, kuma wata huɗu ya yi a layi kafin a ba shi Lahadin nan. Idan ta wuce shi, sai dai wani ikon Allah.

Amma duk da haka kullum yana gindin gadon Lurwanu.

Lurwanu direban kamfani ne, ga igama, wato takardar izinin zama, ga katin inshora, ba kamar Ya'u ba da ya zo Umara shekara ashirin bai koma ba. Zazzaɓi da ciwon ciki suka kwantar da shi. Ya'u ya rufe tukubarsa, shi ne dama kunu, shi ne ɗauko zamzam, shi ne goge masa ƙirji da tsumma, ƙirji sumul ba tabo ko ɗaya. Mutanen unguwa suka yi ta sa albarka, wai ko ɗan'uwa na jini iyakar abin da zai yi ke nan.

"Malam Ya'u, mu kai shi asibiti mana," in ji Rabi, matar Lurwanu. "Ga katinsa, me muke jira?"

"Haba Hajiya, ciwon shawara ne kawai. Asibitin nan ƙara wa mutum ciwo suke yi. A bari bayan Lahadi, ni da kaina zan kai shi."

Lurwanu ya buɗe ido ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce wa matarsa, "Ki bari bayan Lahadi."

Ranar Laraba cikin Lurwanu ya kumbura ya yi tauri. Rabi ta birkice ɗaki tana neman katin ba ta gani ba, ta zauna tana kuka. Ya'u ya kawo saiwa daga unguwar Hindawiyya, ya tsugunna yana ɗura wa mara lafiya. Wallahi bai taɓa roƙa wa wani rai tsawon kwana kamar yadda ya roƙa wa wannan ba. Kwana huɗu kacal yake nema, ya Rabbi, huɗu!

Lurwanu ya cika da hantsin Juma'a.

Ya'u ya ce a dakata da zancen takardu har 'yan'uwa su ji. Wa zai saurare shi? A Makka ba a binne mutum sai da takarda. Kafin la'asar an rubuta, an sallace shi a Harami. A maƙabarta sai da aka rirriƙe Ya'u, mutane na cewa amana ke nan.

Ranar Lahadi ya shiga motar Jidda da cikinsa wayam, yadda likita ya umarta. Ya zaro katin Lurwanu daga aljihun ciki ya miƙa, kamar yadda ya saba shekara shida, ga ma'aikatan da ba su taɓa bambance fuskar baƙi biyu ba.

Ma'aikacin ya danna lamba, ya dubi kwamfuta, ya ɗago. Yau kam ya ƙare masa kallo.

"Ya Hajji Lurwanu, ga sunanka a layin gashin zuciya. Amma nan an rubuta shekaranjiya aka binne ka."