Tashar da Aka Sakaya Sunanta

Orville Hruska yana cewa tun da ya zo duniya bai taɓa yin ƙarya ba, sai dai gaskiya ta yi nawa wajen cim ma maganarsa. Kowace Juma'a yakan maimaita wannan a zauren coci inda ake soya kifi, ya goge maiƙo a gemu, ya ƙara da cewa ba takardar da ke fita daga tashar nukiliyar garin sai ta bi ta ƙarƙashin alƙalaminsa. Wannan na biyun kam gaskiya ne, shi ne shugaban sashen lasisi.

A bana mutane sun fi matsowa kusa da teburinsa. Saura shekara shida lasisin tashar ya ƙare, kuma rabin gidajen garin da ita suke hura wuta. Kowa ya san yadda abin yake: kamfanin da ke son sabunta lasisi yakan rubuta wa hukumar da ke kula da tashoshin nukiliya tun da sauran lokaci, don ta tanadi masu dubawa. Hukuma kuma sai ta lissafa tashoshin da suka sanar, ta fitar kowa ya gani. Tashar da lokacinta ya matso ba ta cikin jerin, ma'aikatanta su fara neman akwati.

Jeri ya fito, ba sunan tasharsu.

Orville ya zaro takardar daga aljihu yana dariya, ya ɗora yatsa kan layi na huɗu, inda aka rubuta: wata tasha da aka sakaya sunanta. Ya ce kamfani kan roƙi a ɓoye suna har manya su gama zamansu.

“Da hannun nan na rubuta wasiƙar,” in ji shi. “Shekara ashirin muka nema. Ku ci kifinku.”

Wanda ya fi kowa buƙatar jin haka mijin ƙanwarsa ne, Delmar Vandehey, mai walda, shekara ashirin da bakwai a tashar. Kamfanin ya buɗe gurbi a ɗaya tasharsa da ke kudu, wadda ake kira Pellam, aka ba shi mako biyu ya ce eh ko a'a. Mai shekara hamsin da uku ba ya samun irin wannan kira sau biyu.

Ya je ya sami Orville a gareji, ya tambaye shi tsakani da Allah ko ya karɓi gurbin.

“Kai da ko rana ta leƙo sai wuyanka ya yi ja kamar tumatir, me za ka yi a kudu?” in ji Orville. “Pellam tsohuwa ce, tari take yi. Zauna inda aka san ka. Ga aikin sauya wa na'urar tashar makamashi na zuwa da kaka, wa zai riƙe mana walda?”

Don ya ƙara kwantar masa da hankali, ya ba shi kyautar injinsa na kwashe dusar ƙanƙara, sabo fil. Ya ce bayansa ne ya soma ciwo. Delmar ya tura injin har gida yana ta godiya, washegari ya rubuta wa kamfani cewa ba ya son aikin Pellam. Aka ba wani gurbin.

Bazara ta wuce. Orville bai tara itacen hunturu ba, ya ce likita ya hana shi gatari. Matarsa ta tafi gaida ’yar’uwarta, gaisuwa ta kai wata uku. Ya sa aka yi wa gidansa fenti ciki da waje, ya ce mutumin da zai ƙara shekara ashirin a wuri ai sai ya gyara shi. Masu cin kifi suka yaba masa.

Da kaka aka kashe na'ura don sauyin makamashi. Delmar ya yi sa'a goma sha biyu kullum har kwana talatin, cikin rigar kariya, gumi har cikin takalmi. Aka gama kafin lokaci, manya suka aiko da yabo, Orville ya karanta shi a tsaye kamar nasa.

Marlys, matar Delmar kuma ƙanwar Orville, ita ke riƙe da ɗakin karatun garin, kuma duk takardar da hukuma ta saki ga jama'a ita ke jera ta a kantar littattafai, ko da ba mai karantawa. Ranar wata Juma'a ta shigo zauren ba ta cire rigar sanyi ba. Orville yana tsakiyar labarin yadda ya taɓa kama kifin da ya ja jirginsa mil uku. Ta jira ya kai jirgin gaɓa.

“Hukuma ta buɗe layi na huɗu,” ta ce. “Har wasiƙar sun saki.”

Orville ya ce madalla, ya roƙe ta ta bari a gama cin abinci. Ya miƙa hannu, ta janye takardar. Delmar ya ajiye cokali.

“Ba ka yi ƙarya ba, ɗan'uwana, da hannunka ka rubuta. Ga kwanan wata, mako guda kafin mijina ya same ka a gareji.” Ta shimfiɗa takardar kusa da farantinsa, ta danne da yatsa. “Karanta musu sunan tashar da ka nema wa shekara ashirin, ko in karanta? Pellam. Ga kuma sa hannunka a ƙasa: sabon shugaban sashen lasisinta, daga ɗaya ga Janairu.”