Saura Hatimin Jega

Mubina tana tsintar albasa a faifai a ƙofar gidansu a Liba, kusa da Jega, sai ga mashin ya tsaya gabanta. Malami ne, mai neman aurenta, idanunsa sun yi ja don gajiya. Wani kamfanin babura ya yi alkawarin takardar shaida da aiki a Legas ga duk wanda ya tuƙo daga can zuwa Jega kafin magaribar yau, yana karɓar hatimi gari-gari. Nasa sun cika, saura na Jega kawai.

Ta miƙe zumbur, faifan ya kife. "Yaya Malami! Mi ya kawo ka nan? Ana can Jega ana jiranka!"

Ya kashe mashin, ya sunkuyar da kai. "Na fasa. Babanki ya ce ba shi ba da ɗiyatai ga mazaunin Legas. Su riƙe takardarsu."

Ta matso kusa da shi. "Shekaranjiya Inna ta shawo kanshi. Ya yarda in bi ka, amma sai in ka zo da takardar."

Malami ya zabura. Ya ɗaga ƙafa zai tada mashin ke nan, ladan ya kira magariba.