Hoton Fadar Ƙauyen Malama

Ina 'yar shekara tara, Baba yana aiki a ofishin jakadancinmu a Alƙahira. Wata rana da la'asar gari ya rikice, muna jin ihu da fashewar gilasai daga titi. Iyaye suka kwashe 'ya'yansu, aka bar ni a aji da malamarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar Ayalan.

Ta rufe taga, muka zauna ƙarƙashin tebur, ta ciro hoton wata rusasshiyar fada ta dutse. Ta ce a ƙauyensu take, kuma shekaru aru-aru da suka wuce mayaƙa sun yi mata ƙawanya, mutanen ƙauyen suna ciki, har abinci ya ƙare.

Na ce, "Malama, sun tsira?"

Ta ce, "Kaɗan ne suka tsira. Daga tsatsonsu na fito."

Sai aka buga ƙofa da ƙarfi. Muka fito, ta tare gabana. Muryar Baba muka ji: "Yalla, taso mu tafi!"

Har yau ina ganin girmanta, don ta ga tsorona amma ba ta yi mini ƙarya ba.