Lambar Da Aka Aika Wa Mamaci

Ƙanwata, tunda kin ce sai kin samu sukuni za ki duba kalmar sirrinki, zauna in ba ki misali.

Wata mata ce mai ɗinki, mijinta ya sayo musu kwamfuta ta gwanjo, ya buɗe asusu da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Da burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ta tambaye shi ko ta riƙe kalmar sirrin, sai ya amince. Ya faɗa wa matar kalmar tana tsakiyar yanka yadi, ta ce ta ji. Daga nan babu wanda ya sake rubuta ta da hannunsa, domin ƙofa tana buɗe kanta. A cikin burauzar nan yake adana mata shafuka, yau samfurin ɗinkin da yake son gani a jikinta, gobe hoton wani tafki da ya ce zai kai ta bayan damina. Ta nan kuma ake shiga ma'ajiyar hotunansu da muryarsa da ya riƙa ɗauka yana tsokanarta. Ana haka ajali ya zo masa.

Bayan ta fita takaba ta buɗe kwamfutar, sai ta tarar ita kwamfutar ba ta da labarin rasuwar. Da sunansa ta yi mata maraba. Ta buɗe shafin da ya bari bai gama karantawa ba, daidai layin da ya tsaya. In matar ta taɓa harafi ɗaya ko biyu, sai burauzar ta ƙarasa mata da abin da ya taɓa nema. Ta fara rubuta tambaya a kan yadi, sai ga “yadda ake lallashin mace idan ta yi shiru”. Ta tuna shirun, ta tuna da tsiren da ya shigo da shi a yammacin. Wata rana kuma abin da ya fito shi ne “ciwon ƙirji da ba ya jin magani”, maganar da bai taɓa yi mata ba yana raye. Amma ba ta rufe ba. Ta mai da shi al'ada, kullum bayan la'asar ta ture keken ɗinki gefe, ta zauna tana taɓa haruffa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofofin gidan da aka tashi, tana sauraren wadda za a amsa.

Sai kwamfutar ta fara ciwo. Batirinta ya kumbura har ya ɗaga madannan, fankarta tana gurnani kamar numfashin majinyaci, wani baƙin layi ya ratsa allon ta kan fuskar mijin a hotonsa da ke kai. Mai gyara ya duba, ya ce mata tun kwamfutar tana kunnuwa a kwashe abin da burauzar ta riƙe a zuba a filashi, a duba kalmar sirrin, a cire lambar marigayi a sa tata. Ta ce to, ta ɗauko kayanta ta dawo gida. Cire lambarsa, gani take kamar sake kai shi makwanci ne. Ta ce sai ranar da ta sayi sabuwa za ta yi komai gaba ɗaya.

Ranar ta zo. Ta jera su biyu a kan teburin yanka, tsohuwa da sabuwa. Sabuwar ba ta san kowa ba, ta nemi imel da kalmar sirri. Matar ta lalubi ƙwaƙwalwarta, ta tuna ƙarar almakashi, ta tuna launin yadin da take yankawa, ta tuna motsin bakinsa, amma kalmar babu. Ta gwada sunanta, ta gwada sunan da yake kiranta da shi in su biyu ne, ta gwada ranar ɗaurin aurensu. Duk aka ƙi. Ta juya ga tsohuwar don ta tambaye ta. Ta kunna, allon ya kawo haske, fuskarsa ta bayyana, fankar ta ja dogon numfashi ta yi shiru. Ba ta sake kunnuwa ba.

Saura hanya ɗaya. Sabuwar ta ce ta aika lambar tabbatarwa zuwa wayar mai asusun. Layin nan ya daɗe a kashe, amma ta kira. Sai ta ji yana shiga. Sunan mijinta na kan fuskar wayarta, aka ɗaga, muryar namiji ta yi sallama. Amma ba shi ba ne. Wani bawan Allah ne a wani gari, ana jin ƙarar injin niƙa a bayansa, kamfani ya sayar masa da layin da aka daina amfani da shi. Ta yi masa bayani. Ya ce lallai saƙo ya shigo yanzu. Sannan ya ce, “Baiwar Allah, irin labarin nan 'yan damfara suke zuwa da shi. Ba na karanta wa kowa lamba. In gaskiya ne, Allah Ya jiƙansa.” Ya kashe. Ba za ki ga laifinsa ba.

Har yau ba a goge komai ba. Hotunan suna nan, muryar tana nan tana tsokana a ɗakin da babu mai shiga, ita kuwa tana zaune a waje, gaban wani farin gurbi da ke jiran kalmar da aka taɓa faɗa mata. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.